Annie Oakley

Annie Oakley, wadda sunanta na asali shi ne Phoebe Ann Mosey, shahararriyar maharbiya ce 'yar ƙasar Amurka. An haife ta ranar 13 ga watan Agusta, 1860, a jihar Ohio, ta kuma rasu ranar 3 ga watan Nuwamba, 1926. Ta fara riƙe bindiga tun tana ƙarama domin ta taimaka wajen ciyar da gidansu bayan mutuwar mahaifinta. Gasarta ta farko da ƙwararren maharbi ita ce ta sauya rayuwarta, domin a ranar ta kayar da Frank Butler, mai yawon nuna gwanintar harbi, wanda daga baya ya aure ta. Daga 1885 zuwa 1901, in ban da shekarar 1888, tana cikin manyan taurarin wasan Buffalo Bill's Wild West, wanda ya zagaya Amurka da Turai. Ta yi fice da bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma da kuma ƙaramar raifal mai lamba .22, irin wadda ake gasa da ita har yau. An kuma san ta da ƙararrakin ɓata suna 55 da ta shigar a kan jaridu, da koya wa dubban mata harbi.

Asali da ƙuruciya

An haifi Phoebe Ann a wani gidan katako a karkarar gundumar Darke, a yammacin Ohio, kusa da ƙauyen da ake kira Willowdell a yau. 'Yan gidansu Annie suke kiranta. Iyayenta, Jacob Mosey da Susan Wise, Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Quaker. Sun yi ƙaura daga jihar Pennsylvania a wajajen 1855, bayan gobara ta cinye masaukin baƙin da suke samun abinci da shi, suka koma noma a Ohio. A wasu takardu ana rubuta sunan gidan Moses ko Mozee.

A ƙarshen 1865 guguwar ƙanƙara ta rutsa da Jacob a hanyarsa ta dawowa gida da keken doki. Sanyi ya shige shi, ya kwanta jinya, ya mutu a farkon 1866 da ciwon namoniya. A lokacin Annie tana da shekara biyar. Mahaifiyarta ta sake aure, amma mijin na biyu ma bai daɗe ba ya mutu, ya bar ta da ƙarin jaririya. Talauci ya yi wa gidan katutu har Annie ba ta samu zuwa makaranta yadda ya kamata ba.

A watan Maris na 1870 aka kai ta gidan marayu da gajiyayyu na gundumar Darke. Shugaban gidan, Samuel Crawford Edington, da matarsa Nancy sun koya mata ɗinki, sana'ar da ta amfane ta har ƙarshen rayuwarta. Ba da jimawa ba wani manomi ya zo neman yarinyar da za ta yi renon jariri, da alkawarin zai riƙa biyanta senti hamsin a mako, ya kuma sa ta makaranta. Bai cika ko ɗaya ba. Ta yi kusan shekara biyu a gidan tana aikin bauta, da duka da horon yunwa da sanyi. A rubutun da ta yi game da rayuwarta ba ta taɓa ambaton sunan mutanen ba, sai dai ta kira su kyarketai. A wajajen 1872 ta gudu, ta sake zama wurin iyalin Edington na wani lokaci, sannan ta koma wurin mahaifiyarta, wadda ta yi aure na uku da wani mai suna Joseph Shaw.

Farauta

Tun kafin a kai ta gidan marayu Annie take kafa tarko tana kama tsuntsaye. Tana da kimanin shekara takwas ta ɗauko tsohuwar bindigar mahaifinta ta harbi kurege. Bindigar irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki ce, 'yar uwar bindigar toka da mafarautan ƙasar Hausa suka sani, kamar na yankin dajin Rugu a Batsari da Safana. Mai irin wannan bindiga harbi ɗaya yake da shi kafin ya tsaya ya sake ɗuri, kuma albarushi kuɗi ne, don haka kuskure hasara ce. A wannan hali Annie ta koyi yin bara da kyau kafin ta taɓa kunama.

Da ta dawo gida sai ta mayar da farauta sana'a. Tana harbo makware da zomaye da sauran ƙananan namun daji, ta kai wa 'yan kasuwar garin Greenville, musamman Charles da G. Anthony Katzenberger, su kuma su tura wa otal-otal na birnin Cincinnati. An ce masu otal sun fi son kayanta saboda a ka take harbin tsuntsu, mai ci ba ya tauna dalma a cikin nama. Da kuɗin wannan sana'a ta biya bashin jinginar gonar mahaifiyarta tana da shekara 15 kacal.

Gasar farko da aurenta

Frank E. Butler, wanda aka haifa a ƙasar Ailan a 1847, ya zo Amurka yana yaro, ya zama mai yawon gari-gari yana nuna gwanintar harbi a gidajen wasa. Al'adarsa ce duk garin da ya sauka ya ƙalubalanci maharban wurin. Wani mai otal a Cincinnati, Jack Frost, ya amsa ƙalubalen, aka sa dala 100 a tsakani, ya ce yana da wanda zai kara da shi. Butler ya zo yana zaton zai ga wani ƙaton mafarauci, sai ya tarar da 'yar yarinya wadda tsayinta bai wuce ƙafa biyar ba.

Gasar ta harbin tsuntsaye masu rai ce, waɗanda ake saki daga akwati, kowane ɗan takara da tsuntsu 25. Wannan ya bambanta da farautar da Annie ta saba. A daji ita ke zaɓen lokacin harbi, babu mai kallonta. A nan kuwa dole ta tsaya wuri ɗaya, ta jira a saki tsuntsu, ga taron jama'a, ga kuɗin mutane a kanta. Duk da haka ita ta ci. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce sun yi kunnen doki har zuwa harbi na 25, inda Butler ya kuskure ita kuma ta samu.

Masana tarihi sun saɓa a kan lokacin gasar. Labarin da ma'auratan suka riƙa bayarwa ya nuna an yi ta a Cincinnati a watan Nuwamba na 1875, ranar bikin godiya na Amurkawa, aka ɗaura aure ranar 23 ga Agusta, 1876. Shirl Kasper, wadda ta rubuta tarihin Annie, ta kawo hujjar cewa an yi gasar ne a 1881 kusa da Greenville. Akwai kuma takardar aure da aka samu a ma'ajiyar tarihi ta lardin Ontario a Kanada, mai nuna sun yi aure a garin Windsor ranar 20 ga Yuni, 1882. Sun zauna tare fiye da shekara arba'in, ba su haihu ba.

Shiga fagen wasa

A watan Mayu na 1882, a garin Springfield na Ohio, abokin wasan Butler mai suna John Graham ya kamu da rashin lafiya, sai Butler ya nemi matarsa ta hau dandamali ta taimaka masa. 'Yan kallo suka fi raja'a a kanta. Daga nan ta ɗauki sunan wasa Oakley, wanda ake kyautata zaton sunan wata unguwa ce a Cincinnati. Da Butler ya ga ta fi shi farin jini sai ya ja baya, ya zama manajanta kuma mai jefa mata abin harbi. Shi ke kula da bindigogi da kwangila da hulɗa da 'yan jarida.

A watan Maris na 1884, a garin St. Paul na jihar Minnesota, Sitting Bull, shugaban ƙabilar Lakota wanda mutanensa suka ci sojojin Custer da yaƙi a Little Bighorn a 1876, ya kalli wasanta. Ya nemi a haɗa su, ya ɗauke ta tamkar 'yarsa, ya raɗa mata suna Watanya Cicilla, wanda aka riƙa tallata ta da shi a Turance da Little Sure Shot, wato ƙaramar da ba ta kuskure. A wannan shekara ma'auratan sun yi aiki da ayarin wasa na Sells Brothers.

A ƙarshen 1884 jirgin ruwan da ke ɗauke da kayan wasan William F. Cody, wanda aka fi sani da Buffalo Bill, ya nutse a kogin Mississippi, kuma babban maharbin wasan, Kyaftin Adam Bogardus, ya bar aiki. Wannan gurbi Annie ta cike. Ta shiga ayarin a 1885 a birnin Louisville, bayan abokin kasuwancin Cody, Nate Salsbury, ya ga tana gwaji ya amince da ita nan take. A shekarar ne Sitting Bull ma ya bi ayarin na wata huɗu. Wasan Cody na fili ne, da mahaya dawaki da Indiyawan Amurka da ɓaunaye, ana kwaikwayon rayuwar yammacin ƙasar. Akan sa Annie a farkon shiri domin mata da yara su saba da ƙarar bindiga kafin a zo ga kwaikwayon yaƙi.

Bindigoginta da salon harbinta

Annie ta yi aiki da bindiga iri uku: mai watsa ƙwayoyin dalma, da raifal mai fitar da harsashi ɗaya, da ƙaramar bindigar hannu. Ta riƙe na kamfanoni daban-daban, irin su Parker da Stevens da Marlin da Winchester. Abin da aka fi harbi a zamaninta shi ne ƙwallon gilashi da ake cillawa sama, wani lokaci cike da gashin tsuntsu don a ga fashewarsa, sai kuma faifan yumɓu wanda George Ligowsky na Cincinnati ya ƙirƙira a 1880.

A 1884, a garin Tiffin na Ohio, ta fasa ƙwallo 943 cikin 1,000 da aka cilla mata, da raifal mai lamba .22. A watan Fabrairu na 1885 kuma ta fasa 4,772 cikin 5,000 a cikin awa tara da bindigogi masu watsa dalma. Bajintar farko ta fi wuya ta wata fuska, domin raifal ƙwaya ɗaya take fitarwa, ba ta yafe kuskure ko kaɗan.

Lambar .22 tana nufin faɗin harsashin, wato kashi 22 cikin ɗari na inci, kimanin milimita 5.6. Irin wannan harsashi ta gefe yake kamawa. Sinadarin da ke tayar da wuta yana cikin leɓen gindin kwanson, a zagaye, don haka idan aka ja kunama allurar bindiga gefen take duka. Manyan harsasai na soja da na farautar manyan dabbobi kuwa a tsakiyar gindi makunninsu yake. Dole kwanson mai kamawa ta gefe ya zama marar kauri don allura ta iya lotsa shi, shi ya sa ba ya ɗaukar albarushi mai ƙarfi. Amfaninsa shi ne araha, da ƙarancin ƙara, kuma bindigar ba ta naushin kafaɗa. Bafaranshe Louis-Nicolas Flobert ne ya fara ƙera irinsa a 1845. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da gajeren .22 a 1857, sannan kamfanin Stevens ya fito da .22 Long Rifle a 1887, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a duniya a yau.

Nauyin ƙwayar wannan harsashi yawanci kimanin giram 2.6 ne, kuma irin na gasa yana tafiyar kusan mita 330 a daƙiƙa. Saboda rashin nauyi da rashin sauri, iska tana karkatar da shi da sauƙi, kuma yana sunkuyawa ƙasa da wuri. Bindigar da aka daidaita saitinta a mita 50, idan aka harba ta zuwa mita 200, ƙwayar za ta faɗi ƙasa da inda aka auna da fiye da mita ɗaya. Wannan ne ya sa masu gasar harbin nesa na zamani suke son ta: a tazarar mita 200 zuwa 300 tana tilasta wa maharbi lissafin iska da nisa irin wanda babbar bindiga ke buƙata a tazara mai ninkin haka, ga kuma sauƙin kuɗi.

A fagen wasa Annie takan raba katin karta gida biyu ta gefensa daga taku talatin, ta harbi kwabon da aka cilla sama, ta kashe wutar kyandir, ta kakkaɓe sigari daga bakin mijinta. Takan juya baya ta ɗora bindiga a kafaɗa ta yi saiti ta madubi. Tana kuma harbi a kan doki yana gudu, daga baya har a kan keke. A cikin fili mai cike da jama'a, maharban wasan sukan yi amfani da harsashi mai ƙananan ƙwayoyi a wasu harbe-harben sama, saboda kada ƙwaya ta yi nisa ta faɗa kan mutane.

Ita ke ɗinka kayan wasanta da hannunta: riga mai dogon hannu, siket mai wuce gwiwa, da safa mai rufe ƙafa. A zamanin da ake yi wa matan dandamali kallon marasa kamun kai, ta tsare mutuncinta ƙwarai, kuma wannan ya taimaka wajen karɓuwarta a wurin iyalai.

Tafiya Turai

A 1886 Cody ya ɗauki wata maharbiya 'yar shekara 15, Lillian Smith, wadda ta ƙware da raifal .22. Kishi ya shiga tsakaninsu, har Annie ta rage shekara shida daga shekarunta a takardun talla, abin da ya jawo ruɗani a kan shekarar haihuwarta na tsawon lokaci.

A 1887 ayarin ya tafi Landan, ya kafa sansani a Earl's Court, a shekarar da Sarauniya Victoria ta cika shekara 50 a kan gado. Yarima Edward mai jiran gado ya kalli wasan a farkon watan Mayu, sarauniyar da kanta ta zo ranar 11 ga watan. An shirya gasa tsakanin Annie da Grand Duke Michael na Rasha, ta samu 47 cikin 50, shi kuma 36.

A Landan ta gamu da abin da ya fi ƙarfinta da farko. Tantabarun da ake gasa da su a Ingila sun fi na Amurka sauri, kuma sakamakonta na farko bai yi kyau ba. Maƙerin bindiga Charles Lancaster ya lura cewa bindigarta ta yi mata nauyi kuma ba ta dace da jikinta ba, ya ƙera mata marar nauyi daidai kafaɗarta, sakamakonta ya gyaru. A watan Yuli ita da Smith suka je babban taron harbi na shekara-shekara a Wimbledon, wanda ƙungiyar maharban raifal ta Birtaniya take shiryawa tun 1860, kafin a mayar da shi Bisley a 1890. Taron na harbin nesa ne, mafi yawa na sojojin sa-kai. Dukansu biyu sun gwada harbin siffar barewa ta ƙarfe mai gudu a kan dogo. Smith ba ta taɓuka abin kirki ba, Annie kuwa da ta zo washegari ta yi abin yabo, jaridu suka yi ta kwatanta su.

A ƙarshen 1887 ta bar ayarin saboda saɓani. Bayan tafiyar Smith ta dawo a 1889, daidai lokacin babban baje-kolin duniya na birnin Faris, wanda aka gina hasumiyar Eiffel dominsa. Daga nan ayarin ya yi kusan shekara uku yana zagaya Faransa da Sifen da Italiya da Jamus da wasu ƙasashe. Ta yi wasa a gaban shugaban Faransa Sadi Carnot. Akwai labarai biyu da suka yaɗu daga wannan tafiya waɗanda suka fi kama da na talla. Na farko shi ne cewa Dinah Salifou, sarkin Nalu a ƙasar Gini ta yau, wanda ya halarci baje-kolin, ya yi tayin biyan faran 100,000 don ya tafi da ita ta kashe masa namun dajin da suka addabi jama'arsa. Na biyu shi ne cewa ta harbe tokar sigarin Wilhelm na Biyu na Jamus.

Komawa Amurka

Bayan dawowarsu ma'auratan sun gina gida a Nutley, jihar New Jersey. A 1893 wasan Cody ya kafa fili kusa da baje-kolin duniya na Chicago, ya samu 'yan kallo masu ɗimbin yawa. Ranar 1 ga Nuwamba, 1894, aka ɗauki hoton Annie mai motsi a ɗakin ɗaukar fim na Thomas Edison da ke West Orange, tana harbin ƙwallayen gilashi. Wannan gajeren fim yana nan har yau.

Ranar 5 ga Afrilu, 1898, ana dab da yaƙi tsakanin Amurka da Sifen, ta rubuta wa Shugaba William McKinley wasiƙa tana tayin kawo mata maharba 50 da bindigoginsu da harsasansu. Gwamnati ba ta karɓa ba. Ta sake irin wannan tayi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, nan ma ba a amsa ba, sai ta riƙa zagaya sansanonin soja tana nuna harbi, tana kuma tara wa ƙungiyar Red Cross kuɗi tare da karenta Dave, wanda takan harbo tuffa daga kansa. Ba ta shiga gwagwarmayar neman 'yancin zaɓe ga mata ba, amma ta tsaya a kan cewa a biya mace daidai da namiji idan aikinsu ɗaya, kuma kowace mace ta iya riƙe bindiga don motsa jiki da kare kai.

Haɗarin jirgin ƙasa da shari'a da jaridu

Da asubahin ranar 29 ga Oktoba, 1901, jirgin ƙasan da ke ɗauke da ayarin ya yi karo da jirgin kaya kusa da Lexington a jihar North Carolina. Dawaki kimanin ɗari suka mutu. Annie ta ji rauni a baya, ta yi jinya, kuma daga nan ta bar wasan Cody. A 1902 ta fito a wasan kwaikwayo na dandamali mai suna The Western Girl, wanda aka rubuta dominta. Butler kuma ya kama aikin wakilcin kamfanin harsashi na Union Metallic Cartridge.

A watan Agusta na 1903 jaridu biyu na Chicago mallakar William Randolph Hearst suka buga cewa an kama Annie Oakley ta saci wandon wani mutum don ta sayi hodar iblis, kuma an ɗaure ta. Jaridu da dama a faɗin ƙasar suka kwafa. Wadda aka kama wata 'yar rawa ce mai suna Maude Fontanella, wadda take amfani da suna mai kama da na Annie. A lokacin Annie tana New Jersey. Yawancin jaridun sun janye labarin sun ba da haƙuri, amma ba ta gamsu ba, domin tana ganin sunan da ta shekara ashirin tana karewa ne aka zubar.

Ta shigar da ƙara 55, ta yi ta yawon kotuna jiha-jiha har zuwa 1910. Ta yi nasara ko an sasanta da ita a 54, ta faɗi a ɗaya. Hearst ya tura mai bincike gundumar Darke ya tono wani abin kunya a tarihinta, ya dawo hannu wofi. Kuɗin da ta kashe a kan lauyoyi da tafiye-tafiye, da aikin da ta rasa a shekarun, sun cinye diyyar da ta samu.

Shekarun ƙarshe da mutuwa

Daga 1911 zuwa 1913 ta yi aiki da wani ayari mai suna Young Buffalo Wild West, sannan ta yi ritaya daga yawon wasa. Sun zauna a Cambridge ta jihar Maryland, daga baya suka koma Pinehurst a North Carolina, inda take koya wa mata harbi. An ƙiyasta cewa a tsawon rayuwarta ta koyar da mata kimanin 15,000. Ta riƙa taimaka wa marayu da 'yan mata masu neman ilimi. Ta kuma sa an narkar da lambobin zinariyarta aka sayar, ta bayar da kuɗin sadaka.

A 1922, tana da shekara sittin da 'yan kai, ta fasa faifan yumɓu 100 a jere daga tazarar yadi 16 a Pinehurst. A watan Nuwamba na shekarar motar da suke ciki ta kife a jihar Florida, ta karye a ƙugu da idon sawu, aka sa mata ƙarfe a ƙafar dama. Bayan ta warke ta ci gaba da harbi jefi-jefi, amma daga 1925 jikinta ya yi rauni. Ta koma Ohio kusa da danginta, ta rasu a Greenville ranar 3 ga Nuwamba, 1926, tana da shekara 66, sakamakon wata cutar ƙarancin jini mai tsanani. Butler, wanda shi ma yake jinya a jihar Michigan, ya bi ta bayan kwana 18, ranar 21 ga Nuwamba. An ƙone gawarta, aka binne tokar tare da mijinta a maƙabartar Brock kusa da Greenville.

Tasiri

An yi fim a kan rayuwarta a 1935, inda Barbara Stanwyck ta fito a matsayinta. A 1946 aka fara nuna wasan waƙe-waƙe na Annie Get Your Gun, wanda Irving Berlin ya tsara waƙoƙinsa, Ethel Merman ta ja ragamarsa, aka mayar da shi fim a 1950. Wasan ya saɓa wa tarihi a babban wuri: a cikinsa Annie ta faɗi gasar ƙarshe da gangan don ta samu miji, alhali a zahiri ita ta ci Butler, shi kuma ya bar nasa wasan ya bi nata. An kuma yi shirin talabijin da sunanta daga 1954 zuwa 1957, wanda Gail Davis ta fito a ciki. A Turancin Amurka an daɗe ana kiran tikitin shiga wasa na kyauta da sunanta, saboda hujin da ake yi masa yana kama da katin da ta harba.

Bayan mutuwarta mata sun ci gaba da kutsawa cikin gasar harbi. A 1930 Marjorie Foster ta zama mace ta farko da ta ci babbar kyautar sarkin Ingila ta harbin nesa a Bisley. A gasar Olamfik ta 1976 a Montreal, Margaret Murdock ta Amurka ta kara da maza da raifal .22 a tazarar mita 50, ta ci lambar azurfa, ta zama mace ta farko da ta samu lamba a harbi a tarihin gasar. Daga 1984 aka ware wa mata nasu rukunonin.

An sa sunan Annie Oakley a zauren karrama fitattun matan Amurka da ke Seneca Falls a 1993. Da yawa daga cikin bindigoginta da tufafinta da wasiƙunta da suka rage suna gidan tarihi na Garst a Greenville, da kuma cibiyar tarihin Buffalo Bill da ke garin Cody a jihar Wyoming. Garin Greenville yana shirya biki da sunanta kowace shekara a watan Yuli, wanda ya haɗa da gasar harbi ta 'yan mata.